Wa ya koya wa harshe son ɗaci?

Babu yaron da aka taɓa ba goro karon farko ya ce da daɗi. Yamutsa fuska yake yi, ya tofar, ya nemi ruwa. Amma je ka zauna kusa da dattijon da ya shekara 40 yana cin goro, ka miƙa masa ƙwaya ɗaya. Kafin ya kai baki ya riga ya juya shi a tafin hannu, ya ɓare, ya saurari ƙarar ɓarewar, ya gaya maka ko daushe ne ko sabon goro, ko ya sami ajiya mai kyau cikin ganye ko iska ta buge shi. Wani sai fari yake ci, wani sai ja, wani kuwa in ba ɗan Laboji ba gara ya haƙura. Ɗacin da ya kori yaron shi ne dattijon yake fitar da kuɗi ya saya. To, me ya faru da harshe tsakanin yaron nan da dattijon nan?

Wannan tambaya ce ta kai ni wani fage da ba namu ba. Ni Musulmi ne, ba na shan giya, kuma hukuncinta a addini a bayyane yake, ba shi na zo tattaunawa ba. Sai dai duk mai son fahimtar yadda ɗan Adam ke koyon son abu zai tarar babu abin sha da masana suka bi diddigin masu shansa, suka auna su, suka rufe musu ido suka gwada su, kamar abubuwa uku na Turawa: wiskin Sikotland, giyar inabi da giyar sha'ir. Dalilin kuwa kuɗi ne. A watan Nuwamban 2023, a gidan gwanjon Sotheby's da ke Landan, an sayar da kwalba guda ta wiskin Macallan na 1926 a kan fam miliyan 2 da ɗoriya. Inda dukiya irin wannan ke yawo a kan kalmar "na fi son wannan", dole a sami masu tambayar ko son nan daga ina ya fito. Amsoshin da suka samu sun shafi duk mai harshe, har da wanda bai taɓa ganin kwalbar ba.

Na fara da wiskin da suke kira singil molt, domin masu shansa ne suka fi zafin ra'ayi. Sunan doka ce ta tsara shi. Dokar wiskin Sikotland ta 2009 ta ce kafin a rubuta shi a jikin kwalba, sai an yi abin da ruwa da tsiron sha'ir, ba a haɗa da wani hatsi ba, a masana'anta guda, a tace shi ta hanyar tururi a manyan tukwane, a zuba shi a gangar itacen oak ya kwana a cikin Sikotland aƙalla shekara 3, kuma ƙarfinsa kada ya gaza kashi 40 cikin 100. Tsiro ba baƙonmu ba ne. A jiƙa hatsi, a bar shi ya fara fitar da kai, garin cikinsa ya kama hanyar komawa sukari, sai a tsayar da shi ta hanyar busarwa. Iyayenmu mata da ke zuba tsiro a kunun zaƙi sun daɗe da wannan ilimi.

Kayan haɗin ke nan: ruwa, sha'ir, yis. Amma masana'antu sama da 140 ne ke aiki a ƙasar, kowacce da magoya bayanta, kuma mai shan wannan yana iya ƙyamar waccan. Bambanci mafi ƙarfi yana shigowa ne a wurin busar da tsiron.

Akwai wani tsibiri a yammacin Sikotland, Islay, mutanensa na furta shi Aila. Mazaunansa 3,000 ne da 'yan kai, amma masana'antun wiski kusan goma ke cikinsa. Wuri ne mai iska da ruwan sama, itacen girki ya yi ƙaranci, don haka tun kaka da kakanni abin da suke ƙonawa shi ne wata baƙar ƙasar fadama da suke kira fit. Ciyayi ne da gansakuka da suka ruɓe cikin ruwa, suka danne juna shekaru dubbai. A yanko ta kamar tubali, a shanya, a sa a wuta. Da ita suke busar da tsiro, hayaƙinta ya kama hatsin, kamar yadda hayaƙi ke kama kifin banda ya bi shi har cikin miya. Sinadaran da hayaƙin ke barin su ne fenol, kuma ana auna yawansu. A tsiron Laphroaig, ɗaya daga cikin masana'antun tsibirin, sukan kai kashi 40 cikin miliyan, na Ardbeg ya ɗan ɗara 50, akwai ma wani mai suna Octomore da aka taɓa fitar da shi ya haura 300. A yankin Speyside kuwa, inda masana'antu kusan 50 suka taru a kewayen kogin Spey, galibi da iska mai zafi ake busarwa, hayaƙi kaɗan ne ko babu.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a nan shi ne yadda ake siffanta Laphroaig, wadda aka kafa tun 1815. Masu ƙinta suna cewa warin asibiti take yi: aidin, bandeji, kwalta, toka, ciyawar bakin teku. Masu sonta, in ka tambaye su, waɗannan kalmomin dai za su faɗa maka, ba ragi ba ƙari. Ba su saɓa a kan abin da hancinsu ya ji ba. Inda suka rabu shi ne hukuncin da zuciya ta yanke wa warin. Kamfanin ma ya gane haka, har ya yi tallace-tallace inda ya bar mutane suna faɗin munanan kamancen da suka ga dama. Kuma wannan mai warin asibitin ita ce Yarima Charles, wanda yanzu shi ne Sarkin Ingila, ya ba ta hatimin amincewarsa a 1994. Mu da muke da daddawa bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba. Warin da ke sa baƙo ya toshe hanci, shi mai miya ke sunsuna ta ce wannan ta yi.

Bayan hayaƙi sai ganga. Wiski yana fitowa daga tukunya fari fat kamar ruwa, launinsa da fiye da rabin ɗanɗanonsa daga itacen yake samo su, kamar yadda masu sana'ar da kansu ke faɗa. Kuma gangunan nan yawancinsu na hannu ne. Dokar Amurka ta wajabta cewa wiskinsu na masara, bobon, sai a sabuwar gangar da aka babbake cikinta ake ajiye shi, don haka kowace shekara tsofaffin ganguna na tsallaka teku zuwa Sikotland da sauƙin kuɗi. Su ke ba da ƙanshin banila da kwakwa. Wasu gangunan daga Sifen suke zuwa, waɗanda aka ajiye giyar sheri a ciki, su kuma suna ba da duhun launi da ɗanɗanon busasshen inabi. Ke nan mutumin da ke bugun ƙirji yana cewa shi ɗanɗanon Sikotland tsantsa yake so, wani ɓangare na abin da yake so doka ce da aka rubuta a Amurka domin wata manufa daban.

Lambar shekarun da ke jikin kwalba, 12 ko 18 ko 25, tana nufin shekarun mafi ƙanƙanta daga cikin gangunan da aka haɗa. Kowace shekara kimanin kashi 2 cikin 100 na abin da ke ganga yana bin iska, su kan kira shi rabon mala'iku a nasu salon maganar. Wannan asara da doguwar jira su ke sa tsoho tsada. Tsadar gaskiya ce, amma ba ta tabbatar da cewa tsoho ya fi daɗi, domin wiskin da ya daɗe ƙwarai itace na iya rinjayarsa. Sannan doka ta yarda a ɗiga ƙonannen sukari don daidaita launi, kuma a Jamus dole a rubuta hakan a kwalba, a Birtaniya ba dole ba ne. Mai saye ya ga ja-ja-jir ya ce wannan ya nuna, alhali wataƙila launin na ɗigo ne. Haka labarin iskar teku da ake cewa tana ratsa ganguna a Islay: masana'anta mafi girma a tsibirin, Caol Ila, yawancin abin da take tacewa ana kwashe shi ne da tanka a kai shi ajiya can cikin ƙasa, nesa da gaɓar.

Wani abu kuma da masu sha'awar ba su cika tunawa ba shi ne al'adar tasu ba tsohuwa ba ce. An ambaci wiski a takardun baitulmalin Sikotland tun 1494, amma har tsakiyar ƙarni na 20 kusan duk abin da masana'antun nan ke yi ana sayar da shi ne ga masu gauraya irin su Johnnie Walker. Sai a 1963 gidan Glenfiddich ya fara tallata nasa shi kaɗai a ƙasashen waje. Duk wannan duniyar ta masu sunsuna kofi suna rubuta abin da suka ji a littafi, shekarunta 60 ne da 'yan kai. Kasuwa ce ta fara kiran ta, sannan masu ɗanɗano suka amsa.

Kada wannan ya sa a ɗauka komai ƙirƙira ne. Akwai abin da mutum ya zo da shi daga cikin uwa. A 1931 wani masanin sinadarai na kamfanin DuPont a Amurka, Arthur Fox, yana juye wani gari mai suna PTC sai ya tashi a iska. Abokin aikinsa ya koka da ɗaci, shi kuwa Fox bai ji komai ba. Daga nan aka gano cewa jin ɗacin wannan sinadari gado ne, kuma a 2003 aka gano ƙwayar halittar da ke da alhakinsa. A Turai kusan mutum 3 cikin 10 ba sa jin sa. Wata mai bincike, Linda Bartoshuk, ta nuna cewa kusan rubu'in mutane suna jin ɗaci da zafi fiye da sauran jama'a, kuma irin waɗannan barasa ta fi yi musu ƙuna a baki. Hanci ya fi haka rikitarwa, domin yawancin abin da muke kira ɗanɗano ƙanshi ne da ke bi ta bayan maƙogwaro ya hau hanci, shi ya sa mai mura ke cewa abinci ba ya masa daɗi. Ɗan Adam na da nau'in masu karɓar ƙanshi kusan 400, kuma da wuya ka sami mutum biyu da nasu ya zo daidai. A 2008 masu bincike a Ostireliya suka gano sinadarin da ke ba giyar inabin Shiraz ƙanshin masoro, shi ne dai wanda ke cikin masoron kansa, sai kuma suka tarar kusan mutum 1 cikin 5 ba ya jin sa ko an cika masa kofi. Mutum biyu na iya zama a teburi ɗaya, kwalba ɗaya, suna gardama, alhali ba abu ɗaya ya isa ƙwaƙwalwarsu ba. A gabashin Asiya kuwa kimanin kashi ɗaya cikin uku na mutane jikinsu ba ya iya narkar da gubar da barasa ke komawa, fuskarsu ta yi ja, zuciya ta riƙa bugawa.

Halitta ke nan. Sai sabo, wanda aikinsa ya fi na halitta bayyana. Jariri da son zaƙi ake haifarsa da ƙin ɗaci, domin a daji ɗaci alamar guba ce. Abin da ke juya wannan ƙi shi ne maimaici, musamman idan wani sakamako na biyo bayan ɗacin. Mai cin goro ya ji barci ya washe, mai shan gahawa ya ji jiki ya saki, mai shan giya ya ji abin da barasa ke yi wa ƙwaƙwalwa. A hankali jiki ya ɗaure ɗacin da sakamakon a igiya ɗaya, har ɗacin da kansa ya zama abin marmari. Ga kuma zama da mutane: da wa ka fara sha, a ina, kana cikin wane hali. Masu shan wiski da yawa in suka faɗi wanda suka fi so, sai ka ji labarin uba ko kaka ko wata tafiya ya biyo baya. Wannan batu na sakamako shi ne masu rubuce-rubucen ɗanɗano suka fi kaucewa, kuma a ganina shi ne ƙashin bayan maganar. Da ƙanshin banila da hayaƙi kaɗai ake nema, ai akwai su a wurare da yawa da babu maye.

Giyar inabi ce ta fi fallasa hannu na gaba, wato labarin da aka gaya wa mutum kafin ya kai kofi baki. A 2001 Frédéric Brochet da abokan aikinsa a jami'ar Bordeaux ta Faransa suka ɗauki farar giya suka rina ta ja da launin da ba shi da wari. Suka ba ɗalibai 54 masu karatun ilimin giyar inabi. Ɗaliban suka siffanta ta da kalmomin da ake siffanta jar giya, 'ya'yan itace masu duhu da makamantansu. Ido ya riga hanci yanke hukunci, hanci ya bi.

Gwajin da ya fi girgiza ni shi ne na 2008, wanda Hilke Plassmann da abokanta suka yi a Kalifoniya. Mutum 20 aka kwantar cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, ana ɗiga musu giya ta siririn bututu, ana nuna musu farashi. An ce musu iri biyar ne, alhali uku ne. Ta dala 5 an ba su ita sau biyu, sau ɗaya da farashinta, sau ɗaya a matsayin ta dala 45. Ta dala 90 ma sau biyu, ɗaya a matsayin ta dala 10. Sun ce mai tsadar ta fi daɗi, wannan kowa zai yi tsammani. Abin da ba a yi tsammani ba shi ne sashen ƙwaƙwalwa da ke auna jin daɗi ya fi motsawa lokacin da aka nuna babban farashi, yayin da sashen da ke karɓar ɗanɗano daga harshe bai canza ba. Ma'ana mutanen nan ba ƙarya suke yi don a ce sun waye ba. Daɗin ya ƙaru musu da gaske. Mukan ce araha ba ta ado, ashe tsada har cikin kai take shiga ta yi ado. A shekarar dai aka buga sakamakon ɗanɗano sama da 6,000 da aka yi ba tare da an nuna kwalba ba: waɗanda ba su da horo sun ɗan fi karkata ga mai araha, masu horo kuma sun ɗan fi karkata ga mai tsada.

Su kansu manyan alƙalan an gwada su. Ranar 24 ga Mayun 1976, wani ɗan Ingila mai kantin giya a birnin Faris, Steven Spurrier, ya tara ƙwararrun Faransa 9, ya jera musu kofuna ba suna, na Faransa gauraye da na Kalifoniya. A lokacin ba wanda ke ɗaukar giyar Amurka da muhimmanci, ɗan jarida ɗaya tak ya halarta, George Taber na mujallar Time. Da aka haɗa maki, Chateau Montelena ta 1973 ta zo ta ɗaya a farare, Stag's Leap ta 1973 ta zo ta ɗaya a jajaye, duka daga kwarin Napa na Kalifoniya. Ɗaya daga cikin alƙalan, Odette Kahn, ta nemi a mayar mata da takardar makinta. Ana yawan ba da labarin nan don a yi wa Faransawa dariya, ni kuwa abin da na gani a ciki daban ne. Harshen alƙalan ya yi aikinsa, ya gane abu mai kyau. Imanin da suka zo da shi ne ya faɗi, kuma da an bar musu sunayen a jikin kwalabe, imanin ne zai ci harshen.

Wani farfesa mai ritaya da ke da ƙaramar gonar inabi, Robert Hodgson, ya yi nasa gwajin a gasar baje kolin jihar Kalifoniya tun daga 2005. Ya riƙa cusa wa alƙalai giya ɗaya, daga kwalba ɗaya, sau uku a cikin jeri ba su sani ba. Kusan 1 cikin 10 ne kawai ya riƙa ba ta maki iri ɗaya. Akwai wanda ya ba kofi ɗaya lambar zinare, ya hana ɗan'uwansa komai. Duk da haka lambobin nan ake liƙawa a kwalba, su ɗaga farashi.

Martabar ma da ake gado tana da tushe a kasuwa. Jerin darajojin gidajen giyar inabin Bordeaux na 1855, wanda har yau ake rantsuwa da shi, dillalai ne suka tsara shi domin baje kolin duniya na zamanin Napoleon na Uku, kuma ma'auninsu shi ne farashin da kowane gida ke sayarwa. Babban canji ɗaya aka yi masa tun daga nan, a 1973, da aka ɗaga gidan Mouton Rothschild zuwa sahun farko. A namu zamanin kuma wani lauya daga jihar Maryland, Robert Parker, ya fara mujallarsa a 1978 yana ba da maki bisa 100. Shi mai son giya mai kauri ne, cikakkiya, wadda inabinta ya nuna sosai. Da makinsa ya zama mai ɗaga farashi ko kayar da shi, sai aka riƙa zargin manoma da sauya yadda suke aiki don su dace da harshensa. Son mutum ɗaya ya zama ma'auni, masu tasowa suka taso a kansa suna ce masa nasu.

Inda labari ya kai haka ƙarfi, ɗan damfara ba ya nisa. Rudy Kurniawan, haifaffen Indunusiya mazaunin Kalifoniya, ya shekara da shekaru yana gauraya giya a ɗakin girkinsa, yana zuba ta a tsofaffin kwalabe, yana buga takardun jabu, attajirai na saye da miliyoyin daloli suna sha suna yabo. Ba harshen kowa ne ya kama shi ba. A 2008 wani mai gonar inabi daga yankin Burgundy na Faransa, Laurent Ponsot, ya ga ana shirin gwanjon kwalaben gidansu na wani iri masu shekarun 1945 zuwa 1971, alhali gidan bai fara yin irin ba sai 1982. Kalanda ce ta tona asirin. An kama Kurniawan a 2012, aka ɗaure shi shekara 10 a 2014.

Adalci ya sa in ce ƙwarewar akwai ta. Wanda ya yi horo na iya gane irin inabi, ya gane giyar da ta lalace, ya rarrabe gangar Amurka da ta Sifen, fiye da wanda bai yi ba. Babban abin da horon ke ba shi kalmomi ne. A 1984 Ann Noble ta jami'ar Kalifoniya da ke Davis ta zana wani da'ira na sunayen ƙamshi domin masu ɗanɗano su riƙa magana da harshe ɗaya, kuma abin da mutum ya iya sa wa suna ya fi saurin tuna shi. Sai dai gane abu daban, cewa ya fi kyau daban. Na farko ana iya gwada shi a ci ko a faɗi. Na biyu ra'ayi ne, ko da wa ya faɗe shi.

Giyar sha'ir ba ta buƙatar dogon bayani, domin darasin ɗaya ne. Tun 1964 masu bincike biyu a Amurka, Allison da Uhl, suka ba mashaya sama da 300 kwalabe ba takarda, suka kasa gane irin da suke rantsuwa da shi, da aka mayar da takardun sai makin nasu ya tashi. Dokar tsarkin giya ta Bavariya ta 1516 da Jamusawa ke alfahari da ita, wadda ta ce ruwa da sha'ir da furen hop mai ba giya ɗaci kaɗai, cikin dalilanta har da kare alkama domin masu gashin burodi da ƙayyade farashi. Farar giyar sha'ir garai-garai da ta mamaye duniya a garin Pilsen aka fara ta a 1842. Kuma a 'yan shekarun nan matasan Amurka da Birtaniya sun koma neman mai ɗacin hop fiye da kima, ɗacin da iyayensu za su mayar wa mai shago.

Akwai abin da duk wannan ado na kalmomi ke rufewa, kuma ba zan tsallake shi ba. Sinadarin da ke cikin kwalbar fam miliyan 2 shi ne dai ke cikin ta kwanar unguwa, hanta kuma ba ta karanta takarda. Hukumar binciken cutar daji ta duniya ta daɗe da sa barasa a sahun farko na abubuwan da ke haddasa cutar, sahu ɗaya da taba. A 1991 wani shirin talabijin a Amurka ya yaɗa cewa jar giya ce ke kare zuciyar Faransawa, ciniki ya tashi, maganar ta zauna a zukata shekaru. A Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin barasa da za a kira marar haɗari ga lafiya, kuma ƙididdigarta ta nuna mutum miliyan 2.6 ne suka mutu sanadin sha a 2019. Mutumin da ke kiran kansa mai ɗanɗano ya fi wuyar gane ranar da ya zama mashayi, domin yana da kyawawan sunaye da zai kira abin da yake yi.

Labarin ya ratso ta gonakinmu ta wata hanya da ba kowa ya lura ba. Guinness, wadda Arthur Guinness ya kafa a Dublin a 1759, ta gina masana'antarta ta farko a wajen Ayaland da Birtaniya a Ikeja, farkon shekarun 1960. Da tsiron sha'ir na waje ake aiki, har zuwa 1988 lokacin da gwamnatin Babangida ta hana shigo da shi domin tsimin kuɗin waje. Kamfanoni suka juyo kan dawa da masara, kuma irin dawar da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta inganta na cikin waɗanda suka yi amfani da su. Masu burukutu sun daɗe da sanin tsiron dawa, amma yanzu ya shiga manyan tukwanen masana'anta, kuma ta wannan hanyar ce dawa ke shiga lemon malt marar maye da ake rabawa a bukukuwanmu. An ɗage haramcin daga baya, dawar ba ta fita ba, domin harsuna sun riga sun saba.

Guinness ta Najeriya ƙarfinta kashi 7.5 ne, ta famfo a Dublin kuwa 4.2, ɗanɗanonsu ma ya bambanta. Yau ana loda ta Najeriyar a jirgin ruwa a kai ta Landan, a jera ta a shagunan unguwanni irin Peckham, inda ɗan Najeriya zai wuce wadda aka yi a garin da aka haifi sunan, ya ɗauki wadda aka yi da dawar Arewa bisa tilascin dokar soja ta 1988, ya ƙara kuɗi a kai, ya ce wa mai shago ita ce ta asali.